Bakin Manaja Ya Riga Muryarsa

Karo na huɗu ke nan tana mayar da bidiyon farko, kuma karo na huɗu ke nan bakin Manaja yana tsere wa muryarsa. A minti na farko lafiya lau suke tafiya tare. Zuwa minti na biyar baki ya ɗan yi gaba, kamar mai saurin kama mota. Kafin minti na ashirin kuwa sun rabu baram-baram: a hoto Manaja yana kurɓar ruwa, muryarsa tana can baya tana jero nasarorin kamfani. A saman allon kwamfutar wani ɗan jan ɗigo sai ƙyaftawa yake yi, alamar hotuna suna zubewa a hanya.

Almakashi ta cire abin sauraro daga kunnuwanta ta dafe goshi. Ma'aikatan kamfanin robobin da take aiki ne suka laƙaba mata wannan suna, saboda ita ce mai yanka bidiyo tana haɗawa. Shekara uku ke nan tana aiki a ɗan ɗakin da ke tsakanin sito da banɗaki, ita da tebur ɗaya, da fanka mai kuka, da tulin bokitan da aka ajiye mata da sunan za a kwashe jibi.

Jiya Manaja ya tara ma'aikata a babban zaure ya yi musu jawabin minti ashirin da biyar. A ƙarshensa ya sanar da su cewa daga wata mai kamawa za a riƙa zuwa aiki ranar Asabar, kyauta, don kishin kamfani. Hukumar daraktoci ta ce ba za ta sa hannu ba sai ta ga shaidar cewa ma'aikata sun yarda. Shaidar ita ce wannan bidiyo, kuma ƙarfe huɗu na yamma daraktocin za su zauna su kalla. Yanzu goma da rabi ta wuce.

Da an ɗauko mai kyamara na gaske da ba a zo nan ba. Amma an ce a tsuke bakin aljihu, kuma ƙanin matar Manaja ya sayi sabuwar waya. Shi ya tsaya a gaba yana ɗauka, yana juya ta hagu da dama. Muryar kuma daban aka naɗe ta daga makirufon kan dandamali.

Ƙofa ta buɗe ba sallama. Kakakin kamfani ne, da kwat ɗinsa mai ƙyalli da fayil a hammata. Shi ne ogan Almakashi kai tsaye, kuma shi ya yi wa Manaja alkawarin bidiyon da zai sa daraktoci hawaye.

"Ina aka kwana? An gama?"

"Yallaɓai, akwai matsala. Hotuna suna zubewa, baki da murya ba sa haɗuwa."

"Zubewa kamar yaya? Guda nawa?"

Ta duba allon. "Wajen dubu da ɗari biyu."

Kakaki ya ajiye fayil a kan bokiti. "Dubu da ɗari biyu! A cikin kamfanin nan? Wa da wa ke da makullin ɗakin nan?"

"Ba sata ba ce, yallaɓai. Bari in..."

Ai kafin ta ƙarasa ya leƙa waje ya ƙwala wa shugaban masu gadi kira. Sajan ya shigo da sandarsa, tsohon soja ne mai furfura a gashin baki. Aka gaya masa kayan kamfani sun yi ɓatan dabo. Bai tambayi kamanninsu ba, ya shiga ɗaga bokitai ɗaya bayan ɗaya yana leƙa cikinsu.

"Baba Sajan, don Allah ka huta," in ji Almakashi. Ta juya ga Kakaki. "Bidiyo hotuna ne ake jerawa da sauri, talatin a kowane sakan. Kyamarar gaske ba ta canza wannan adadi. Ita kuwa waya wayo gare ta. Da ta ga zauren ya yi duhu, ko ta ji ta ɗau zafi, sai ta rage hannu: yanzu talatin, an jima ashirin, an jima sha biyar. Manhajar da nake aiki da ita kuma ta rantse talatin ne daga farko har ƙarshe, sai ta matse su wuri ɗaya. Shi ya sa hoto yake gudu ya bar murya. Ba wanda ya ɗauke su. Wayar ce ba ta ɗauka ba tun asali."

Kakaki ya rage murya. "Wato kina cewa laifin wayar ƙanin Madam ne?"

"Na ce haka wayoyi suke."

"To kada in sake jin kalmar waya a bakinki. A rahoto za mu rubuta matsalar na'ura. Sajan, ka sa ido a ƙofa, duk mai fita a duba jakarsa."

Sajan ya ƙame ya fita. Kakaki ya ja kujera ya ce a nuna masa wurin maganar Asabar. Ta ja bidiyon can kusa da ƙarshe. Hoton yana tafiya yana tuntuɓe a 'yar ƙaramar tagar da ke gefen allon. Muryar Manaja ta ce, "Daga wata mai kamawa, ranar Asabar ma ranar aiki ce." A daidai nan hoto ya juya kan ma'aikata: ga su sun miƙe tsaye suna tafi, wasu har da ɗaga hannu sama.

Kakaki ya buga cinyarsa. "Allahu akbar! Kin ga ƙauna? Ni ina bayan dandamali jiya ban ma lura ba. Ki daidaita mini bakin kawai. Ƙarfe biyu zan dawo."

Almakashi tana zauren jiya, kuma ba ta tuna kowa ya yi wa Asabar tafi ba. Ita dai ta san gabanta ne ya faɗi. Tun da mahaifinta ya samu shanyewar ɓarin jiki, kowace Asabar da safe ita ke kai shi asibiti a motsa masa ƙafa da hannu. Amma ta koma kan aikinta.

Ta bi duk hanyoyin da ta sani, daga masu sauƙi. Ta share tarkacen da manhajar ke tarawa. Ta rage ingancin hoton da ake leƙawa. Ta kwaso bidiyon daga filashi ta zuba a cikin kwamfutar kanta. Ta yi masa ƙaramin kwafi mara nauyi. Tuntuɓen ya ragu, amma baki yana nan a gaba da tazararsa. Ta buɗe bayanan fayil ɗin don ta gani da idonta, sai ga shi a rubuce: mafi yawa talatin, mafi ƙaranci sha huɗu. Magani ɗaya ne ya rage, a sake juye bidiyon gaba ɗaya ta wata ƙaramar manhaja da za ta cike guraben, ta mayar da shi talatin cif a kowane sakan. Ta sauko da manhajar. Da ta zo girkawa, kwamfutar ta nemi kalmar sirrin Injiniya, mai kula da na'urorin kamfani.

Ofishin Injiniya yana hawa na biyu, kuma shi ne ɗakin da ya fi ko'ina sanyi, wai saboda na'urori. Ta same shi ya miƙe ƙafafu a kan tebur yana kallon ƙwallo a waya.

"Kin kashe kin kunna?" ya tambaya, bai ɗago ba.

"Sau uku."

"Ki ƙara na huɗu."

"Injiniya, kalmar sirri nake so, in girka manhajar juye bidiyo."

"A'a, wannan sai an cike fom. Kwafi uku. Kakaki ya sa hannu, Manaja ya amince, kwamitin tsaron na'urori ya zauna."

"Yaushe kwamitin zai zauna?"

"Idan na kira taro. Ni ne kwamitin."

Ta numfasa. "To shi ke nan. Ƙarfe huɗu daraktoci za su kalli Manaja yana magana da ruwa a bakinsa. Idan suka tambaya zan ce matsalar na'ura ce, haka Kakaki ya ce a rubuta. Wa ke kula da na'urori a kamfanin nan?"

Injiniya ya sauke ƙafafunsa. Ya waiga, ya yagi gefen wata takarda ya yi rubutu ya tura mata. Ta karanta: ManajaNaKowa1.

"Ban ba ki ba," in ji shi. "Tsinta kika yi."

Juyewar ta ci minti hamsin. Ta zauna tana cin burodi da shayin da ya huce, tana kallon koren layi yana rarrafe. Daga waje tana jin Sajan yana gardama da mai shara a kan wata leda. Da layin ya kai ƙarshe ta ɗora sabon bidiyon a kan muryar, ta daidaita su daga tarin farko da Manaja ya yi a makirufo, ta kunna. Jan ɗigon nan ya koma kore. Minti biyar, baki da murya suna tare. Minti ashirin, suna tare. Ta ji wani sanyi a ranta, irin wanda mai sana'a kaɗai ya sani.

Sai aka zo wurin Asabar. Manaja ya faɗi maganarsa, hoto ya juya kan ma'aikata. Tsit. Wani direba ya riƙe haɓa. Matan sashen marufi sun kalli juna, ɗayarsu ta taɓe baki har sai da haƙoranta na ƙasa suka fito. A layi na uku ga Almakashi da kanta, ta sunkuyar da kai. Manaja ya ci gaba da bayanin amfanin Asabar ga lafiyar jiki. Bayan sakan arba'in ya ce, "Na gama, a kawo abinci." Nan zaure ya ɓarke da tafi.

Ƙarfe biyu da kwata Kakaki ya dawo. Ya kalla sau ɗaya, ya ce a maimaita. Ya cire tabarau ya goge.

"Me kika yi wa bidiyon nan?"

"Gyarawa na yi, yallaɓai."

"Kin ɓata shi dai. Ina tafin da na gani da safe?"

"Yana nan a wurinsa. Abinci suka yi wa."

"Ke ma'aikaciyar kamfanin nan ce ko 'yar adawa? Ki mayar da tafin inda yake."

"Idan na mayar da na safe, baki zai sake gudu."

"Ki bar bakin a gyare, ki ɗauko tafin ki kawo nan. Ba Almakashi ake ce miki ba? Yanka ki liƙa."

"Yallaɓai, da wannan fa za a yanke wa mutum ɗari uku hukunci. Har da ni."

Kakaki ya buɗe fayil ɗinsa a hankali, ya zaro wata takarda ya ɗora a kan tebur ba tare da ya dube ta ba. Takardar sabunta aikinta ce, wadda take jiran sa hannunsa tun makon jiya.

"Ƙanwata," ya ce cikin taushin murya, "ni ban ce ki yi ƙarya ba. Sun yi tafi ko ba su yi ba? Sun yi. A zauren nan ne ko ba a nan ba? A nan ne. Sakan arba'in kawai za ki matsar. Mene ne sakan arba'in a rayuwar ɗan Adam?"

Ta daɗe tana kallon takardar. Ta tuna magungunan mahaifinta da ke jere a kan taga a gida. Sai ta mayar da abin sauraro kunnenta, ta yanko tafin, ta liƙa shi bayan kalmar Asabar, muryar Manaja tana ci gaba a ƙarƙashinsa. Aikin bai ɗauke ta minti goma ba. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ya fito da kyau.

Tana dubawa na ƙarshe sai idonta ya kai kusurwar hoton ta dama. Ta tsayar, ta matso da fuskarta kusa da allo.

"Yallaɓai, a rage tafin nan. Sakan biyar na farko ya isa. Akwai wani abu a gefe."

"A rage? Ko sakan ɗaya kada ki taɓa. Tafin shi ne bidiyon."

"Ka dai zo ka duba kusurwar nan."

Wayarsa ta yi ƙara, Manaja ne. Ya miƙe tsaye ya ɗauka da hannu biyu. "Ranka ya daɗe. An gama, ranka ya daɗe. Sai ka gani." Ya rufe wayar da tafin hannu ya harare ta. "Na gaji da turancinki na na'ura tun safe. Ki fitar da shi haka."

"Na faɗa maka sau biyu, yallaɓai."

"Na ji sau biyu. Fitar."

Ta fitar. Ta zuba a filashi, ta kuma zuba wanda ta gyara na gaskiya a gefensa, don haka ta saba, ba ta jefar da asali.

Ɗakin taron daraktoci yana da allon da ya kusa cika bango. Su bakwai ne a kewaye da dogon tebur. A kujerar tsakiya shugabar hukumar ce, Hajiya, wata dattijuwa da mijinta ya kafa kamfanin da injin bokiti guda ɗaya. Ana cewa ba ta ji sosai, amma ba wanda ya taɓa cewa ba ta gani. Manaja yana damanta ya harɗe hannuwa. Almakashi tana can ƙarshen ɗaki da kwamfuta, inda ake ajiye mai danna maɓalli.

Minti ashirin da uku suka wuce lafiya. Darakta ɗaya ya yi gyangyaɗi, wani yana ta cin gyaɗa. Sai muryar Manaja ta cika ɗakin: "Ranar Asabar ma ranar aiki ce." Allo ya cika da ma'aikata suna tafi. Kakaki ya shiga tafawa shi ma, Manaja ya sunkuyar da kai irin na wanda yabo ya yi wa yawa.

Abin da ya yi kamar ƙwayar wake a allon Almakashi, a nan ya kai girman mutum. A kusurwar dama ga Manaja ya sauko daga dandamali, ya riga kowa isa teburin abinci, faranti a hannu, cinyar kaza a baki. Kumatunsa suna sama suna ƙasa. Muryarsa kuwa tana ci gaba daga lasifika, tar da ita: "Domin aikin Asabar yana ƙara wa jiki kuzari, yana rage ƙiba."

Mai cin gyaɗa ya ƙware. Hajiya ta ɗaga hannu.

"Tsayar mini a nan."

Almakashi ta tsayar. Hoton ya daskare a kan cinyar kazar.

"Manaja, wancan ba kai ba ne?"

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"To wa ke magana?"

Manaja ya kalli Kakaki. Kakaki ya miƙe yana gyara kwat. "Ranki ya daɗe, matsalar na'ura ce. Tun safe muke fama. Hotuna dubu da ɗari biyu suka zube, har mun sa jami'an tsaro bincike."

Hajiya ba ta dube shi ba. Ta leƙa can ƙarshen tebur. "'Yata, ke kika haɗa?"

"Ni ce, Hajiya."

"Na'urar ce ta yi wannan?"

Almakashi ta ji duk idanun ɗakin a kanta. Na Kakaki sun fi zafi.

"Da safe na'urar ta yi nata, Hajiya. Amma tun ƙarfe ɗaya ta warke."

Hajiya ta gyara zama.

"Kina da na bayan warkewar?"

"Yana nan."

"Sa mana. Daga wurin Asabar kawai, ba zan iya sake jin na farkon ba."

Ta kunna. Daraktoci suka kalli direba ya riƙe haɓa, suka kalli matar sashen marufi ta taɓe baki. Hajiya ta sa aka maimaita wannan wuri, ta yi 'yar dariya a cikin mayafinta. Da aka zo "a kawo abinci" zaure ya ɓarke da tafi, sai ta ɗauki takardar da ke gabanta ta kife.

"Maganar Asabar a bar ta. Abin da na fahimta shi ne mutanen nan yunwa suke ji. Sai batu na gaba."

Manaja ya yi gyaran murya. "Dama ni ma, ranki ya daɗe, tun jiya nake sake tunani a kai."

"Haka ne," in ji Kakaki. "Ya faɗa mini."

Kafin ƙarfe biyar labari ya gama kamfani. Matan sashen marufi suka leƙo ɗakinta suna yi mata addu'a, direban nan ya ajiye mata lemo mai sanyi a kan bokiti. An riga an fara cewa da gangan ta shirya, wasu ma sun ce Hajiya gwaggonta ce. Ta gaji da musantawa ta ƙyale su.

Tana haɗa jakarta sakatariyar Manaja ta kawo ambulan. Takardu biyu ne a ciki. Ta farko takardar sabunta aikinta ce, da sa hannun Kakaki, ya danna biro har ya huda takardar. Ta biyu sanarwa ce: bisa la'akari da ƙwarewar da ta nuna, an naɗa ta Jami'ar Tantance Hotuna, ba tare da ƙarin albashi ba. Za ta bi duk bidiyoyin kamfani na shekara goma sha ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, ta tabbatar babu hoton da ya zube. Don kada wannan ya shafi aikinta na yau da kullum, za ta riƙa yin sa ranar Asabar.

Ta karanta sau biyu, ta ninke ta saka a jaka.

A bakin ƙofa Sajan yana jiranta da wani babban makulli da littafi mai baƙin bango.

"'Yata, an ce in ba ki. Wannan na ƙofar gaba ne. Mu masu gadin rana an ce Asabar ba sai mun zo ba, tunda mutum ɗaya ne. Wannan kuma rajistar zuwa aiki ce, ki rubuta lokacin da kika zo da lokacin da kika tashi."

"Wa zai duba, Baba Sajan?"

Ya buɗe shafin farko ya bi layin da yatsa. "An rubuta nan: jami'in da ke bakin aiki." Ya ɗago ya dube ta, gashin bakinsa ya ɗan motsa. "Ke ke nan."

Ta karɓi makullin ta auna nauyinsa a tafin hannunta.

"Hotunan nan fa," in ji Sajan, ya rage murya, "na duba jaka sittin da biyu ban samu ko ɗaya ba. In ci gaba gobe?"

"A'a, Baba, ka huta. Ni zan neme su."

Ta jefa makullin cikin jaka, ta tsallaka titi wajen masu jiran mota.